Saura Kaɗan da Zoben Sirkka

A rafin Hukkaoja, can ƙasar ƙanƙara a arewacin duniya, in ka ce kana neman Aulis, sai mutane sun tsaya sun yi tunani. Amma ka ce Saura Kaɗan, ko baƙon da ya sauka shekaranjiya zai nuna maka 'yar bukkarsa ta katako, can inda ruwa ya yi kwana a gindin wani dutse. Shekara talatin da huɗu yana zuwa wankin zinariya duk bazara, kuma duk shekara in an tambaye shi ina labarin kwalba, amsarsa ɗaya ce: saura kaɗan. Da haka sunan ya bi shi, har ya danne wanda uwarsa ta raɗa masa.

Mu da muke taruwa a rafin nan, babu mai ci da zinariya a cikinmu. Akwai malamin makaranta, akwai mai gyaran famfo, har da wani likitan haƙori da ya kamata a ce ya fi haka hankali. Kowa da aikinsa a gari. Da ƙanƙara ta narke sai mu ɗauki hutu, mu yi tafiyar yini guda zuwa arewa, mu zo mu tsuguna cikin ruwan da ke sa ƙashi ciwo, sauro na shan jininmu, duk don ɗan abin da atishawa ɗaya za ta watsar. Iyalanmu suna kiran abin ciwo, mu kuma ba mu taɓa musawa ba.

Shi Aulis direban motar share ƙanƙara ne a garin Kemi har ya yi ritaya. Dogo ne, mai faɗin hannu, magana kuma kamar da kuɗi yake sayenta. A rafi ya kai amaryarsa Sirkka yawon amarci, kuma wannan kaɗai ya isa a gane irin mutumin. A lokacin ba shi da halin zoben kirki, sai na baƙin ƙarfe ya sa mata. Ran nan suna zaune a bakin ruwa, ya ga 'yan ƙwayoyi uku suna ƙyalli a gindin kwanonsa, sai baki ya kwashe shi, ya yi doguwar maganar da bai sake yin irinta ba. Ya ce mata zai yi mata zobe da zinariyar da shi da kansa ya wanke daga rafin nan, ba zai haɗa da ko ƙwaya ɗaya ta saye ba.

Sirkka 'yar kudu ce, 'yar bakin teku, kuma a lokacin sauro ya riga ya kumbura mata ido ɗaya. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Za ta riƙa biyo shi, ta dafa kofi, ta jure cizo, har ranar da zobe ya shiga yatsanta. Daga ranar nan kuwa bazara ta zama tata, za su riƙa tafiya bakin teku wajen ƙanwarta, inda mutum zai zauna waje ba tare da ya lulluɓe fuska da raga ba. Aulis ya ce ya ji. Yana ganin shekara biyu ko uku ce, kuma saurayi ba ya tsoron alkawari.

A hanyar komawa suka biya ta Ivalo wajen wani tsohon maƙerin zinariya, Oskari. Ya gwada yatsan Sirkka, ya ɗauki 'yar kwalbar da Aulis ya zo da ita, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ya sa zarto ya ja mata layi. Ya ce ranar da zinariya ta taɓa layin nan, a kawo masa.

To, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Zinariyar Hukkaoja ba ta zuwa da gayya. Ka haƙa da shebur, ka cika kwano, ka nutsa shi cikin ruwa, ka girgiza, ka karkata, ka bar ruwa ya kwashe tsakuwa da farin yashi, har ya rage baƙin yashi mai nauyi. A ƙarƙashin wannan ne, in rabonka ya tsaga, za ka ga ƙwaya biyu ko uku kamar ƙwan kwarkwata. Sai ka goge yatsa a riga ya bushe, ka danna ƙwayar ta manne, ka taɓa bakin kwalba mai ruwa, ta nutse ƙasa. Haka Aulis ya yi ta yi. 'Ya'ya biyu suka zo, suka girma, suka ce su ba za su sake zuwa a sha musu jini ba. Gashinsa ya yi furfura. Zinariya tana hawa cikin kwalba kamar mai ciwon ƙafa.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, tun tuni zoben ya daina zama dalilin zuwansa. Watanni takwas yana ture ƙanƙara a cikin duhun hunturu, abin da ke riƙe shi kawai shi ne sanin cewa rafi na nan yana jira. Yana son sanyin ruwan, yana son ƙarar tsakuwa a kwano, yana son ya ɗaga kai ya hangi hayaƙin murhun Sirkka. Bakin teku kuwa, ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya ga mutane kwance a yashi ba wanda ke wanke shi, abin ya ba shi tausayi.

A bazara ta ashirin da biyar, wata rana ya ɗaga kwalba ya duba, sai gabansa ya faɗi. Tsakanin zinariya da layin Oskari bai fi kaurin farce ba. Sati ɗaya na aiki mai kyau, shi ke nan, an gama da shi da Hukkaoja. Ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya shiga bukka, ya samo wata kwalbar magani da ba komai a ciki, ya wanke ta. Daga ranar, duk abin da ya samu can yake zubawa, ya cusa ta cikin wani tsohon takalmin ruwa da ke rataye a rufin bukka. Kwalbar zobe kuwa, ƙwaya ɗaya ko biyu yake jefa mata a shekara, don kada a ce ta tsaya cik.

Wannan dabara ba kyauta ya same ta ba, da mutuncinsa ya biya. Aulis ya fi kowa hannu a rafin nan, ƙwaya ba ta kuɓuce masa. Amma shekara tara a jere sai ya zama abin dariya. Wanda ya fi takura masa shi ne maƙwabcinsa na sama da ruwa, Reino, tsohon mai aski, gajere, mai kunne ɗaya da ba ya ji da baki da ba ya hutawa. Kullum da hantsi sai ya gangaro shan kofi, ya ɗaga kwalbar ya kanne ido, ya ce ko kaza aka saki a ramin nan da yanzu ta tono sarƙa da 'yan kunne. Wani lokaci ya ba Sirkka shawara ta sake miji tun da sauran ƙarfinta, ya ce shi ma in an matsa masa zai duba. Aulis ya haɗiye. Abin yana yi masa zafi ƙwarai, domin babu abin da yake alfahari da shi a duniya kamar hannunsa a kwano, amma ya ga gara a kira shi malalaci da a raba shi da rafi.

Ita kuwa Sirkka ba ta cewa komai. Ƙarshen kowace bazara takan karɓi kwalba, ta ɗaga ta wajen haske, ta tambaya yaya. Ya ce saura kaɗan. Ta ce to, ta miƙa masa. A 'yan shekarun nan ta daina saƙa masa safa, ta ce ta gaji da saƙa. In za ta buɗe gwangwanin kofi sai ta tura masa. Hunturu biyu da suka wuce ta cire zoben ƙarfen nan ta rataye shi a ƙusa kusa da tagar madafa. Aulis ya gani, ya ɗauka habaici ne, ya yi kamar bai gani ba.

Akwai wata al'ada a rafinmu da ta girme mu duka. Yawancin abin da muke samu gari ne, in ka sake shi cikin kwano ba ka jin komai. Amma in mutum ya sami ƙwayar da in an sake ta za ta yi ƙara, to wannan ta wuce a ɓoye ta. Dole a raɗa mata suna kamar jaririya, dole mai ita ya dafa kofi ya soya fanke wa duk wanda ke rafin, a zo a gani, a juya ta hannu zuwa hannu. Akwai waɗanda suka tsufa suka mutu ba su taɓa soya wannan fanken ba. Aulis ya ci na mutum bakwai, kuma duk lokacin da ya ci, da kyar yake wucewa.

Bazara ta talatin da huɗu, wata safiya a ƙarshen watan Yuli, ya ture wani dutse da ya daɗe yana hararo, ya kwaso laka daga ƙarƙashinsa. Ya girgiza, ya karkata, ruwa ya kwashe na sama. Baƙin yashi bai gama bayyana ba sai ga ta zaune a gefen kwano, ja-ja-wur, kamar ƙwayar wake. Ya rufe ido ya buɗe, tana nan. Ya ɗauka, nauyinta ya ba yatsunsa mamaki. Tsohon nan mai shekara sittin da bakwai sai da hawaye ya cika masa ido. Abin da yake mafarki tun yana saurayi ke nan.

Murnar ba ta kai minti ɗaya ba. Wannan ƙwaya ita kaɗai ta haye layin Oskari ta bar shi a baya. In ya ɗaga murya, yau zai zama sarkin rafi, Reino zai haɗiye duk abin da ya taɓa faɗa, badi kuma yana kwance a bakin teku wajen ƙanwar matarsa. In ya yi shiru, ga rafi nan, amma ya binne ranar da ya jira shekara talatin da huɗu. Gaba kura, baya sayaki. Yana cikin wannan sai ya ji takun Sirkka a kan tsakuwa tana cewa kofi ya dahu. Wandon ruwansa ba aljihu, kwalba tana kan dutse a gabanta. Sai ya yi abin da masu wankin dā suke yi in suna tsoron kada abu ya faɗi ruwa, ya jefa ta a kumatu.

Ya hau ya zauna a kan kututture. A wani wuri da an lura mutum ya yi shiru, amma Aulis ne, don haka aka ɗauki lokaci ba wanda ya ga canji. Reino ya riga ya iso, yana ba da labarin wata barewa da ta cinye masa sabulu. Sirkka ta miƙa wa mijinta baƙin burodi da busasshen nama, ya girgiza kai. Ta dube shi, domin a tsawon zamansu bai taɓa mayar da abinci ba. Ta tambaya ko haƙori ne. Ya gyaɗa kai. Nan take Reino ya ce a kira likitan haƙorin nan na ƙasa da ruwa, ai ya zo da filaya. Aulis ya girgiza kai da ƙarfi.

“To sha kofi, ya gasa maka wurin,” in ji Sirkka, ta cika masa kofin ƙarfe.

Ya karɓa. Ya yi niyyar ya taɓa da leɓe kawai, amma idon Sirkka na kansa, sai ya kurɓa. Kofin ya ƙona masa harshe, ya shaƙe, tari ya kufce masa. Ƙwayar ta fito ta bugi gefen kofin, ta yi ƙwal, ta nutse.

Reino, wanda matarsa takan kira shi sau biyar kafin ya waiwayo, shi ya fara ji. Ya tsaya a tsakiyar labarin barewa, ya miƙo hannu ya karɓi kofin, ya tsiyaye shi a hankali kan ciyawa. Ya daɗe yana kallon abin da ya rage a gindi.

“Mutumina,” ya ce, “in wannan ne ciwon haƙorinka, Allah ya sa mini irinsa, sama da ƙasa.”

Bai jira amsa ba. Ya ajiye kofin, ya kama hanyar sama da ruwa da gudun da ba a san yana da shi ba, yana kiran sunayen mutane, yana cewa a zo cin fanke. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Aka bar Aulis da matarsa da kofi a tsakaninsu.

Ya fara haɗa wata magana, wai tsoro ya ji kada ta faɗi ruwa, wai so yake ya ba ta mamaki. Sirkka ba ta tsaya saurare ba. Ta tashi ta shiga bukka, ya ji tana jan kujera. Ta fito da tsohon takalmin ruwan nan, ta kife shi a kan cinyarsa. Kwalbar magani ta gangaro, zinariyar ciki ta wuce rabi.

Ta ce tun bazarar da ya fara ɓoyon ta gan ta, ranar da take bin wani ɓera da tsintsiya. Ta ce ko ba ta gan ta ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mutumin da ke fitowa daga ruwa yana fito ba zai ce mata bai sami komai ba. Aulis ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da kyar ya tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba.

“Kana tsammani sauro ne ya fi ni taurin kai, tsoho? Da ina son tafiya, da tun tuni na hau jirgin ƙasa na bar ka da kwanonka. Ni ma na saba da wurin nan. Na bar ka ne in ga ranar da za ka faɗa mini da bakinka.”

Sannan ta miƙo hannunta na hagu, ta ɗora a kan gwiwarsa. Shekaru yana karɓar kofi daga hannun nan, amma sai ranar ya dube shi. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, sun fara karkacewa. Sai safa da gwangwani da zoben da ke rataye a ƙusa suka dawo masa gaba ɗaya.

“Ba habaici na yi maka ba, zoben ne ya matse ni,” ta ce. “Likita ya ce abin gaba yake yi, ba ya komawa baya. Ka yi mini zoben bana, Aulis. Badi ban san ko yatsan zai karɓa ba.”

Kunya da nadama suka rufe Aulis. Duk shekarun nan yana ganin wayonsa a kan kansa kaɗai yake ƙarewa, shi ake yi wa dariya, shi yake haɗiyewa. Bai taɓa tunanin akwai mai biya tare da shi ba. Shekara tara da zoben nan zai yi a hannunta, tun yatsun suna miƙe, shi ya ɓoye su a takalmi. Ya riƙe hannun da nasa biyu masu sanyin ruwa, har suka fara jin muryoyi na gangarowa. Sai ta zare, ta ce ya tashi ya kwaɓa ƙullu, baƙi na zuwa kuma fuskarsa duk laka.

An ci fanke ran nan har garin fanken ya ƙare. Da aka zo raɗin suna, Aulis ya ce Sirkka. Ita ta ce a'a, ta gaji da zaman kwalba, a sa wa abin sunan ubansa. Kowa ya yarda, aka kira ƙwayar Saura Kaɗan. Takalmi kuwa ba ta bari kowa ya ji labarinsa ba a ranar, sai daga baya shi da kansa ya faɗa, lokacin da abin ya daina yi masa ciwo sosai.

Washegari suka nufi Ivalo, ana tsakiyar lokacin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Oskari ya daɗe da rasuwa, 'yarsa ce a shagon. Ta gane layin mahaifinta a jikin kwalba. Ta gwada yatsan Sirkka, ta ce layin nan na yatsan amarya ne, wannan yatsan sai an faɗaɗa kafin ya wuce gaɓa, abin da ke kwalba ta farko ba zai isa ba ko da ya taɓa layi. Aulis ya buɗe baki zai ce ashe dai gaskiyarsa, saura kaɗan ne. Sirkka ta dube shi, ya rufe. Aka ƙara daga kwalbar magani, ƙwayar kuma ba a taɓa ta ba.

Bayan sati biyu suka koma karɓa. Zoben ya tsaya a gaɓa ya ƙi wucewa. 'Yar Oskari ta kawo sabulu da ruwan sanyi, Sirkka ta cije leɓe, ta ce ya tura kada ya ji tausayinta. Ya tura, ya wuce. Maƙeriyar ta ce su sani fa, da wuya ya sake fita. Sirkka ta ce ai ba don ya fita ta jira shi ba.

Alkawari kaya ne. Da bazara ta kewayo, Aulis ya bar kwanonsa a ƙusa, ya tuƙa ta har bakin teku. Ƙanwarta ta ce kwana na uku ta kama shi a gefen ruwa da farantin miyarta yana girgiza yashi, yara sun kewaye shi. A kwana na goma Sirkka ta ce mutane sun yi yawa, kofin garin kuma ɗanɗanon famfo yake yi, ta tambaye shi ko ya tuna inda ya ajiye ragar fuska.

Suna nan a Hukkaoja har yanzu. Shi ke buɗe gwangwani, shi ke ɗaukar tukunya, shi ke fasa itace. Wanke kofuna ne kawai ta hana shi, ta ce sanyin ruwan yana yi wa yatsunta daɗi. Duk lokacin da ta tsuguna ta tsoma hannu a rafi, sai Aulis ya ajiye kwano da yashinsa, ya tsaya yana kallon zoben a ƙarƙashin ruwa. Reino yana tsokanarsa wai tsoro yake kada rafi ya karɓi kayansa. Ba shi ba ne, ya san ba zai fita ba. Yana tsaye ne kawai yana kallo har ta gama ta miƙe, sannan ya koma bakin aiki.